Laima Arba'in

Shekara talatin maƙwabcina yana naɗe laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi, har kowa ya koma ce masa Mai-laima.

Da aka kawo sababbin laimomi, aka koya masa sabon naɗi, aka ce in an yi musu tsohon naɗi ba za su buɗe ba. Kansa ya koya. Hannunsa kuwa, ban sani ba.

Ranar wani atisaye, mota ta tafi da laima arba'in da ya naɗe. Yana goge dogon teburinsa da tsumma, sai ya ga yatsunsa suna yin tsohon naɗin da tsumman. Cikin masu dirowar har da mijin 'yarsa.

Ya ruga ofishin Saje.

"Yallaɓai, a tsai da jirgin."

"Baba, tsufa ne ya motsa? Ka san aikinka zai tafi?"

"Na sani."

Aka dawo da laimomin, aka kwance su a gabansa. Talatin da tara lafiya lau. Ɗaya kuwa, tsohon naɗi.

Yanzu laimar ruwa yake gyarawa a ƙofar gida. Jikokinsa sukan zo gaishe shi, da ubansu.