Ganyen Gawo a Hoton Auta

Tun ina yarinya aka san ni da rashin yarda. In aka ce an ga wata, sai na fita tsakar gida na ɗaga kai da kaina. Inna takan ce ko gishiri aka miƙo mini sai na lasa kafin na zuba a miya. Ban taɓa jin haushin wannan shaida ba, domin a gidanmu da ke wani ƙauye a gefen Sandamu masu saurin yarda sun yi yawa, dole a samu mutum ɗaya mai bin diddigi.

Babanmu ɗan rakiyar shanu ne. Idan fatake suka sayi shanu a kasuwar Mai'aduwa suka loda a tirela, irinsu ne ke hawa kan katakon da ake gittawa a saman mota su raka su har kudu. Duk saniyar da ta kwanta, su za su sauka su tashe ta kada sauran su tattake ta. A wata tafiya gyangyaɗi ya ɗauke shi, mota ta faɗa rami, ya faɗo ta baya. Can aka yi masa sutura, ko gawarsa ba mu gani ba. Autanmu yana goye a lokacin.

Da Auta ya girma ya ce shi ma harkar shanu zai shiga, Inna ta zaunar da shi a gabana. Ta ce ya saya, ya sayar, ya yi dillanci, duk ta sa albarka. Amma ranar da ya taka saman tirela, ba da yawunta ba, kuma ba ta yafe ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya kuma rantse.

Bai jima ba ya samu ubangida, wani Alhaji mai kai shanu Legas. Ya zo da labarin cewa shi aikinsa na tsabta ne: ana loda shanu, shi kuma ya wuce Kano ya hau jirgi, ya riga su isa don ya shirya da mahauta. Shaidarsa hoto ce. Duk tafiya sai ya turo mini hoton da ya ɗauka ta tagar jirgi, saboda wayar Inna ƙarama ce mai tocila, ba ta nuna hoto. Ni kuma ina koyarwa a Daura, ranar Asabar nake zuwa gida in nuna mata.

Sai kun ga Inna da waɗannan hotuna. Takan wanke hannu tukuna, ta karɓi wayar da gefen mayafinta, ta kai ta kusa da hanci, ta daɗe tana kallo. Daga nan ta aika a kira maƙwabta. "Ku zo ku ga inda autana ya bi," in ji ta. Su kuma su yi ta salati suna tambayar ko gajimaren nan ana iya taɓa shi.

Hoton farko na yarda da shi. Ga fuskarsa, ga hularsa a karkace, ga tagar a bayansa, haƙora duk a waje. Amma na san Alhajin nan. Mutumin da zai tsaya yana ja-in-ja a kan igiyar ɗaure maraƙi, shi ne zai riƙa sa yaron gidansa a jirgi kowace tafiya? Na haɗiye tambayar, na ce wa kaina halina ne ya motsa. Sai dai na lura tun daga hoton farko fuskar Auta ba ta sake fitowa ba. Fiffike ne, da gajimare, da ƙasa can nesa.

Wata Asabar a tsakiyar damina, gero ya yi bununi, ɗakin Inna yana yoyo ta kusurwa, sabon hoto ya shigo. Jirgin bai yi nisa da ƙasa ba, ana ganin gonaki a yanke. Ƙasar ja ce. Ga rafi ya bushe, yashinsa fari tas. Ga itatuwan gawo a warwatse cikin gonaki, kowanne ya cika da ganye. Duk wanda ya tashi a gona ya san halin gawo: da rani yake ganye, ruwa na sauka ya kaɗe shi ya tsaya tsirara har kaka. Na leƙa ta kan danga na dubi gawon gonarmu, babu ganye ko ɗaya a jikinsa. Na sake duban hoton.

Da na koma Daura na jera hotunan ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Kullum gefe ɗaya na fiffike. Kullum rana ta ɓangare ɗaya. A kusurwar gilashin akwai wani ɗan tabo kamar sawun yatsa mai maiƙo, kuma yana nan a kowane hoto. Ko dai jirgi ɗaya ne a duniya, kuma ba a taɓa goge tagarsa ba, ko kuma ƙanena tafiya ɗaya ya yi yana gutsuro mana ita.

Da ya dawo na tsare shi a zaure. Idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun tsage, ya bulbula turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Auta, me ake ba ku a jirgin nan?"

"Ɗan biredi da lemo, Yaya. Ba ya ƙosarwa."

"Kuma gawon Kano da damina yake ganye?"

Ya yi dariya, amma bai dube ni ba. "Yaya, ke dai alƙali ya kamata ki zama. Daga sama komai kala ɗaya ne. Ba ki taɓa hawa ba, shi ya sa."

Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce, ban taɓa hawa ba. Har na fara tuhumar kaina. Wa ya sani ko nisa yana cinye launi? Amma duk ranar da aka ce wata tirela ta kife a hanyar kudu, ba na iya cin abinci sai na ji muryarsa.

Damina ta zagayo, aka tura ni bita Abuja, aka ce ta jirgi za mu tafi daga Katsina. Kujerata ta faɗo a tsakiya. Na roƙi wani dattijo da ke bakin taga, na ce masa hawana na farko ke nan, ya tashi ya ba ni yana murmushi, yana zaton ɗoki ne na baƙauya. Jirgi ya yi gudu ya ɗaga, na riƙe kujera ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da na buɗe ido na dubi ƙasa, kore ne shar ko'ina. Tafkuna suna ƙyalli, rafuka sun cika da jan ruwa, gonakin gero da na gyaɗa kowanne da irin korensa. Na nemi gawo na rasa, domin itacen da ba shi da ganye ba ya nuna kansa daga sama. Ashe nisa ba ya cinye komai.

Na zaci zan ji daɗin cewa ni ce da gaskiya. Tsoro na ji. Can ƙasa na hango titi siriri kamar zare, da wata doguwar mota tana jan ciki a kansa, na ce a raina wataƙila ɗan'uwana yana saman irin wannan yanzu, iska na dukan fuskarsa. Na yi ta ɗaukar hoto ba don sha'awa ba, don in samu abin da zan ɗora a gabansa.

Ban kai ga nemansa ba ya kira ni, kwana kaɗan da dawowata.

"Yaya, an ce kin hau jirgi. Ki turo mini hotunan in gani mana."

"Kai da kake hawa kullum, me za ka gani a nawa?"

A bayansa ina jin kukan shanu da gurnanin inji. Can ya ce, "Nawa sun ƙare, Yaya." Ya gaya mini sau ɗaya ya taɓa hawa, ranar da ɗan Alhaji ya kwanta ciwo bayan an riga an yankar masa tikiti. Tun daga tashi har sauka bai ajiye waya ba. Aikinsa rakiya ne, irin na Baba, kuma babu wani aikin a hannu. "In Inna ta sani, bakinta zai kama ni. Ki rufa mini asiri." Na ce masa ya yi wa uwa rantsuwar ƙarya, yanzu kuma yana so in zama abokiyar ƙaryarsa. Na kashe wayar.

Ranar Asabar na tafi gida da niyyar fasa ƙwan kowa ya huta. Na tarar da Inna a inuwar rumbu tana tsinke zogale. Ta wanke hannu, ta karɓi wayar, ta kalli hotunana a hankali. Sai ta ce in buɗe mata na Auta. Na buɗe. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Ke kin bi ta damina," in ji ta. "Shi kuwa tun bara ta rani yake bi."

Inna ba ta kiran sunana saboda ni ce ta fari, sai ta ce, "Ke wannan, kina zaton ke kaɗai ke da ido a gidan nan? Shekaru na yi ina wanke kayan babanku. Turare ba ya ɓoye warin tirela."

"To Inna, me ya sa ba ki yi masa magana ba?"

Ta ci gaba da tsinke ganyenta. "Na riga na yi magana, ita ce ta ɗaure ni. Ranar da na ce na sani, abin da na faɗa ya hau kansa, ga shi kuma a saman mota. In ban sani ba, matafiyi ne kamar kowa, ina yi masa addu'a. A zuciyata na daɗe da yafe masa, amma in ya ji haka zai saki jiki."

Ta miƙo mini wayar da gefen mayafinta. "Ki tura masa naki. Ki kuma ce masa, kamar daga gare ki, ya riƙa zama ta gaba kusa da kan mota, ya ɗaura igiya a ƙugunsa. Babanku ta baya ya zauna."

Nan take na tura masa, ina zaune a gefen tabarmarta, da saƙon igiyar a ƙarƙashi. Bayan mako biyu aka loda shanu a Mai'aduwa, ya dawo mini da ɗaya daga cikin hotunana, wanda tafki ke ƙyalli a tsakiyarsa. Na kai wa Inna ranar Asabar. Ta wanke hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta aika a kira maƙwabta.