Ragowar Gahawar Malam Hassan

Ni ce Inna Kulu ta Damba a Gusau nake faɗa, 'yata Hajara tana rubutawa, don ni ban yi karatu ba. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya tsayar da ni.

Mijina Malam Hassan ya rasu da azumin bana. Yana saurayi ya bi ayarin masu zuwa Makka ta ƙasa, guzuri ya ƙare musu a Habasha, suka yi shekaru suna tsinkar gahawa a gonakin mutane. Tun daga nan, kullum bayan asuba shi da kansa yake soya 'ya'yanta a kasko, ya daka, ya dafa, ya kai zaure su sha da abokansa. Ni ban taɓa sha ba saboda ɗaci, ban kuma taɓa tsayawa na ga yadda yake yi ba. Da na fita takaba, na tarar da ƙullin ɗanyar gahawa a ƙarƙashin buzunsa, ragowar tsarabar alhazai, bai fi cikin tafi biyu ba. Na ƙudura in soya ta yadda yake yi, in ba abokansa sadaka. In na ƙona ta, babu wata. Mutum ɗaya ya rage da ya iya, Malam Isa na Tsafe, wanda suka yi Habasha tare.

Gusau zuwa Tsafe

Muka fita ni da Hajara gari bai waye ba, muka shiga Keke Napep zuwa tasha. Sammakon bai amfane mu ba. Direba ya ce, "Inna, wagga hanya ba a yi mata asubanci yanzu." Sai da rana ta fito sosai ya tada mota.

A shingen bincike na biyu wani soja ya ga na rungume ƙulli, ya ce in kwance. Direba ya yi sauri ya ce maganin tsofaffi ne. Na ce ba magani ba ne, gahawa ce. Sojan ya shinshina, ya yi dariya, ya ce shi gahawar da ya sani gari ce a gwangwani, ya ɗaure mini ƙullin da hannunsa. Gero ya yi kai a gefen hanya, amma can ciki gonaki da yawa ba a taɓa su ba bana. Da muka zo dutsen Kwatarkwashi na juyar da fuska, domin Malam yakan ce shi ne yake tuna masa duwatsun Habasha, sanyin ne kawai babu.

Tsafe

Ba mu sami Malam Isa ba. Surukarsa Saratu ta ce tun da idonsa ya mutu aka mayar da shi Bungudu wurin 'yarsa. Ta hana mu juyawa da yamma, ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, muka kwana.

Laifina ne da na ajiye ƙullin tare da daddawa da goron da na kai musu. Saratu ta ɗauka wani irin wake ne na kawo tsaraba, ta ɗebi rabi ta jiƙa don ta dafa mana da safe. Na tashi na tarar da su a kwano sun kumbura. Na zauna a bakin murhu na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar jana'iza. Ita ma ta fashe, tana cewa in yafe mata. Daga ƙarshe ni na koma lallashinta. Muka tsame su, na naɗe a gefen mayafi.

Bungudu

Sai da muka sake ratsa Gusau, muka canja mota, muka wuce tsohuwar masaƙa da ciyawa ta cinye ƙofarta. Kafin azahar muna Bungudu. Malam Isa yana kan tabarma a gindin darbejiya. Da jin sallamata ya ce, "Kulu ta Hassan? Mi ya fito da ke?" Na sa masa ƙullin a hannu. Ya daɗe yana murza 'ya'yan.

Ya sa aka shanya jiƙaƙƙun a faifai. Muna jira su sha iska ya ba mu labari. Ya ce can Habasha ƙasa guda ce ta rataya a kan itace ɗaya, na gahawa. Ɗaya-ɗaya ake tsinkar jajayen 'ya'yan, a shanya, a ɗura a buhu, a nufi bakin teku da su. Masu kyau na ƙasashen waje ne, manomi kuwa fasassun yake sha. In kuɗinta ya faɗi a wata ƙasa da bai taɓa gani ba, gidansa ne ake kwana da yunwa. Ya ce haka muka yi da auduga da gyaɗa, muka noma wa wasu, ranar da suka daina zuwa muka tsaya muna kallon juna.

Na tambaye shi ko in shuka jiƙaƙƙun. Ya ce Hassan ya sha gwadawa a gonarsa ta garin Rawayya, yana ɗaukar ruwa a tulu, ko ɗaya bai tsiro ba, don ita tudu mai sanyi da inuwa take so. Shekara hamsin muna tare, ban taɓa sanin wannan ba.

Da la'asar aka kawo garwashi da kasko. Ya ce da jiƙaƙƙun zan koya. Na farko na ƙona su ƙurmus, ya yi tari, ya ce Hassan ma haka ya fara a Habasha, har matar mai gonar ta kore shi daga murhu. A na biyu ya ce, "Kar hannunki ya tsaya. Bar kallo, ki saurara." Ina juyawa, ina juyawa, sai na ji sun fara fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru. Ya tambayi Hajara launinsu, ta ce kamar dabino. Ya ce, "Sauke."

Ƙamshin ya tashi. Wallahi sai da na waiga ƙofa, kamar Malam zai shigo.

Ya ƙara mini da cewa sau uku ake zubawa daga buta ɗaya, ana ƙara ruwa, kuma ba a tashi sai an sha na uku, shi ne na albarka. Ni kuwa shekara da shekaru ina mita cewa Malam da abokansa sun zauna surutu a zaure kokonsa yana hucewa.

Gida

Washegari muka dawo Gusau da hantsi. Na aika wa Saratu cewa kuskurenta ne ya cece ni. Asubar Juma'a na soya rabin da ya rage, kunnena a kasko. Bai ƙone ba. Na daka a ƙaramin turmin Malam, na dafa, Hajara ta kai zaure inda abokansa huɗu suke zaune, har da Liman. Na tsaya bayan labule. Can sai ga ta ta dawo da finjali ɗaya, ta ce Liman ya ce na uku ne, rabon mai gida, a ba uwargida.

Na zauna a kan buzun Malam na shanye. Da ɗaci, kamar yadda na zata.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Saratu da Malam Isa da direbobin da suka ɗauke mu. Wanda ya karanta wannan ya sa Malam Hassan a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan sanyi.