Layi Biyun da Na Tsallake

Ƙarshen sanyi ne, alkama ta fara ja a gonaki, tumatir ya nuna har mutum na jin ƙanshinsa tun daga bakin titi. Shekarar ba ta zo wa mutane da sauƙi ba. Damina ta yi gardama, sabulu da madara sai an bi layi. Mu dai da ke bakin kanal Allah ya rufa mana asiri, ruwa na zuwa har gona. A shekarar ce kuma na gama aji biyu na yaƙi da jahilci, ina ɗan ji da kaina.

Maigidana yana karanta ajami kamar ruwa, amma boko bai taɓa shiga kansa ba. Duk takardar da ta shigo gidan, ta taki ce ko ta asibiti, ni yake miƙo wa, ya ce, "Malama, a duba mana." Da tsokana ya fara kirana haka, har sunan ya zauna.

Ya daɗe yana son abin da zai riƙa kai masa tumatir kasuwar bakin titi, inda manyan motocin Kudu suke lodi. Motoci biyu aka yi masa tallansu. Ɗaya akori-kura ce ta wani mutumin Bunkure, mummuna, an ɗaure ƙofarta da igiya. Ɗayar kuwa baƙar mota ce mai dogon hanci, ta wani tsohon alƙali da ya rasu a birni, magada za su sayar. Ranar da aka kawo ta gwaji na leƙa ta zaure na gan ta. Kujerun fata, giya a jikin sitiyari, har da agogo a gaba. Ina yarinya a Madobi irinta ta taɓa tsayawa a ƙofar gidan dagaci, na ga fuskata a jikin ƙofarta, na kai hannu, direban ya daka mini tsawa. Shekara talatin ban manta ba.

Malam, maigidan nawa, yana da amini tun na makarantar allo, bakanike ne a Kano. Shi ya tura ya duba motar alƙalin, shi kuma ya aiko da amsa a rubuce. Malam ya shigo da wasiƙar bayan la'asar, ya zauna a kan turmi.

"Malama, a duba mana."

Na fara bi da yatsa a zuci, kamar yadda na saba. Gaisuwa. Injin yana da sauran rai. Jiki ba tsatsa, tayoyi za su kai baɗi. Sai layi biyu na ƙarshe: lagiretonta mai sanyaya inji ya gaji, kuma ba a samun kayanta yanzu ko a kasuwar Ƙofar Ruwa. Motar zuwa masallacin Juma'a ce, kada a ɗora mata kayan gona.

Da na zo karantawa a fili, na tsaya a kan tayoyi, na tsallaka zuwa "ka huta lafiya".

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan," na ce. Na ninke takardar na sa a cikin littafina na karatu.

Ban ce masa ya saya ba, ban saba sa baki a irin wannan ba. Na daɗe ina faɗa wa kaina haka, kamar zai rage wani abu.

Haka Malam ya sayi motar alƙalin. Ƙaninsa, wanda ba ma haɗuwa sai mun taɓa wasa, shi ya raɗa mata suna Kaka. "Matar yaya, Kaka ta tashi lafiya? An ba ta kunu?" Kowace safiya sai an tura ta kafin ta yi tari ta kama. Sau ɗaya ta kai ni Madobi gaida mahaifiyata, ina gidan gaba, yara na bin mu da gudu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ranar. Amma ko a hanyar dawowa idona na kan hancin motar, ina jiran in ga hayaƙi.

Ranar babban tsinka aka cire kujerar baya, aka jera kwanduna ciki, da but, da saman rufi. Ina tsaye a zaure na ga bayanta ya sunkuya kamar jakin da aka yi wa mangala biyu. Na juya na koma cikin gida.

Ba ta kai titi ba. A kan hanyar da ta bi gefen kanal ta tafasa, ta tsaya cik. Kafin a nemo jakuna a kwashe kayan rana ta take, motocin Kudu sun cika sun tafi. Da yamma aka dawo mini da kwandunan gida, ruwa na ɗiga daga ƙasansu. Na zauna ina tsince masu ɗan dama ina yankawa, ko a samu kauɗa. Kaka kuwa shanu ne suka jawo ta, ƙanin Malam na biye yana cewa a ba wa gawa hanya. Ba wanda ya yi dariya.

Malam ba mai faɗa ba ne. Ya yi magariba, ya zauna, tuwo ya huce a gabansa.

"Ba tumatirin ne ke ci mini rai ba," ya ce. "Allo ɗaya muka wanke da mutumin nan. Ya buɗe motar nan, ya ga abin da ke cikinta, ya rubuto mini lafiya lau. Ko magadan sun ba shi na goro ne?"

"Malam, kada ka yi masa zato."

"Ke ba ki san mutanen birni ba. Gobe zan shiga Kano in faɗa masa a gaban yaransa. Daga nan kowa ya kama gabansa."

Na ci gaba da yanka, ruwan tumatir na shiga wani ɗan ciwo a yatsana. Aminin nan nasa shi ya yi ta zirga-zirga da mu asibiti lokacin da ɗanmu na fari ya karye. Ya faɗi gaskiyarsa tsaf a takarda. Kuma na san idan na yi magana, wataƙila Malam ba zai sake miƙo mini takarda ya ce a duba ba.

Washegari da ya dawo daga masallaci, ya sa babbar riga yana neman hularsa. Na ɗauko littafin, na zaro wasiƙar, na durƙusa a gabansa.

"Malam, kafin ka fita, zauna. Ban gama karanta maka ba."

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya zauna a kan turmin nan. Na ɗora yatsa a kan gaisuwa, na faro daga farko, ban tsallake ko harafi ɗaya ba.