Ɗingishin Marigayi Evaristo

Sagrario, mai gasa burodi a ƙauyenmu na Aragon, ta shekara sittin tana taka rawar gargajiyarmu ta jota. Sai wani farfesa daga birni ya rubuta a littafinsa wai rawarta ta burge baƙi ce, ba ta asali ba. Na san ƙawata, ba ta yafiya.

Da ya dawo neman ta asalin, ta ce, "Zo, ɗana, in koya maka wadda kakanni suka ɓoye. Ja ƙafar hagu, karkata ƙugu."

Wannan ma ya buga ta a littafi. Ranar bikin gari ya fito fili ya taka, yana hura hanci. Dariya har da hawaye! Ashe ɗingishin mijin Sagrario ne, marigayi Evaristo, wanda alfadari ya harba.

Sagrario ta ce, "Rubuta wannan ma, farfesa!"