Fim ɗin da Ya Sha Haske

Na haura shekara ashirin ina ɗaukar hoto a Minna. Babu taron da ban tsaya a gabansa da kyamara ba: biki, suna, saukar karatu, taron coci. Amma ka shigo ɗakina yau, ba za ka ga hoton uwata ba. Fuskarta a wuri ɗaya kawai ta rage, jikin katin zaɓe, inda ta zaro ido sai ka ce an kama ta da kayan wani. Wannan ba Inna ba ce.

Inna mutuniyar Gwada ce, 'yar manoman doya. Babana ya auro ta ya kawo Tudun Wada, kuma a wurinsa na gaji sana'ar hoto. Ya yi ta fama da ita har ya koma ga Allah, ba ta taɓa zauna masa ba. Ni ma na ɗora daga inda ya tsaya. Da ta ga na ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Kai mai hoto, tafi ka nemi masu kyau." Sau ɗaya na saci hotonta da waya tana tsintar shinkafa. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba, sai da na goge shi a kan idonta.

Shekarar da ciwo ya kwantar da ita, na shiga gaishe ta wata safiya, ta dube ni ta ce, "Kayan hoton babanka yana nan?"

Na ce yana nan.

"Da shi za ka ɗauke ni. Ranar Juma'a, in na yi kitso."

Kyamarar Baba ƙarfe ce zalla, ba batir, ba allo, sai an sa mata fim. Tana da ƙafafunta uku na katako, abin da mu masu hoto muke ce wa sitan, kowace ƙafa da tsinin ƙarfe a ƙasa don ta kama turɓaya. Na tona akwati na samo fim ƙwaya ɗaya da ya rage, mai ɗaukar hoto talatin da shida. Ranar Alhamis na hau babur na tafi madatsar ruwan Tagwai, wai zan gwada ko kyamarar tana motsi. Hoto biyu ya ishi gwaji. Amma ƙarar maɓallin ta yi mini daɗi, ta tuna mini da Baba, sai na yi ta dannawa kamar yaro ya samu sabon abin wasa: kwalekwale, masunta suna gyaran koma, akuyar wani a bakin ruwa. Kafin in farga na cinye sama da talatin.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗora kujerar katakon Baba, na kafa sitan. Ƙanwata tana ɗaki tana ɗaura wa Inna kallabi, ni kuma na ɗauki kujerar ita kaɗai sau ɗaya don in daidaita nisa. Sai ga su sun fito, ƙanwata tana riƙe da ita. Ta zauna ta ɗora hannuwa a gwiwa. Na ɗauki ɗaya, na ɗauki biyu. A na uku ƙanwata ta ce, "Inna, amarya kike ko me?" Inna ta yi dariya har da dafa ƙirji, na danna daidai lokacin.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma kwaɗayi ya sa na nemi na huɗu. Marikin da ake ja don fim ya matsa gaba ya cije, alamar fim ya ƙare, ni kuma na sa ƙarfi. Sai na ji ƙat. Fim ya tsinke daga gwangwaninsa. A ƙa'ida in ka gama, kana naɗe shi ya koma cikin gwangwani kafin ka buɗe kyamara. Yanzu ya zauna tsirara a ciki, ba a isa a buɗe ba sai a ɗaki mai duhu ƙirin. Na ce wa Inna an gama, ta ce, "To, na huta da ku."

Bayan wata biyu ta rasu.

A Minna babu sauran mai wanke fim, kowa ya koma kwamfuta. Da ƙyar na samu labarin wani dattijo a Legas da bai watsar da aikin ba. Na kira shi na yi masa bayani, ya ce kada in taɓa komai, in kawo kyamarar yadda take. Na naɗe ta a tsohon kallabin Inna na ajiye can ƙasan akwati. Kusan shekara guda, duk sanda ƙanwata ta zo gida tambayarta ɗaya ce: "Yaya, yaushe za a wanko Inna?"

Sai aiki ya faɗo. Wani da na ɗauki bikin ɗansa zai aurar da 'yarsa a Legas, ya ce ni yake so, ya yanko mini tikitin jirgin sama. Ban taɓa hawa jirgi ba, kuma ban tambayi kowa yadda ake yi da kaya ba, don ni a ganina babu abin da ban sani ba game da kayan aikina. Na loda kyamarori biyu na zamani, fitila, batura, caja, na ɗaure sitan ɗin Baba a kafaɗa don har yau babu wanda ya kai shi tsayawa ƙyam. Kyamarar Baba kuwa na rataye ta a ƙirji cikin kallabinta. Ba zan faɗi ko wane filin jirgi ne ba. Mutanen wurin aikinsu suka yi, duk da na daɗe kafin bakina ya iya faɗin haka.

Tun a wurin awon kaya raina ya fara ɓaci. Aka ce batura ba sa shiga jakar da za ta bi ƙasan jirgi. Na durƙusa a gaban jama'a na zazzage jaka, har da singiletina a waje, na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Na bi layi na isa wurin bincike, sai wani ma'aikaci, saurayi ne dogo da bai fi sa'an ɗan yayata ba, ya taɓa tsinin sitan da yatsa ya girgiza kai.

"Oga, wannan ba zai shiga da kai ba. Ka koma a sa shi cikin manyan kaya."

Na ce masa katako ne, ya girme shi, kuma bai taɓa kashe kowa ba. Bai ko murmusa ba. Na koma baya, na nemi kwali na naɗe tsinin, na miƙa sitan ɗin Baba ina kallo aka wurga shi kan bel kamar itacen girki. Na sake bin layi daga farko. Kafin in dawo gaban saurayin nan, zufa ta jiƙa mini riga, kuma an fara kiran jirginmu a lasifika.

Cire takalmi, na cire. Cire agogo, na cire. Kowace kyamara a farantinta, na jera. Suka bi cikin na'urar da ke haska kaya suka fito. Sai ya nuna ƙirjina.

"Wannan ma."

Na ce, "Wannan ba ta shiga."

Na taɓa ji a bakin Baba cewa na'urar nan tana ƙona fim, kuma na riƙe maganar kamar karatu. Saurayin ya ce to in ba ta shiga, in kunna ta ya gani. Na ce ba a kunna ta. Ya juya ta yana neman allo, bai samu ba. Na ga alama tun da aka haife shi bai taɓa ganin kyamarar fim ba, kuma maimakon in yi masa bayani cikin lalama, sai na ce, "Ai ka ga matsalar. An ɗauko yara an ba su riga, ko abin da suke bincika ba su sani ba."

Wata babbarsu ta taso, mace mai shekaru, muryarta a ƙasa. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Abu biyu ne. Ko ta bi na'ura, ko a buɗe mu ga cikinta. Ka bari ta bi na'urar, minti ɗaya ne."

Wallahi da a nan na ce mata hoton mahaifiyata ne a ciki, kuma ta rasu, ina jin da ta saurare ni. Fuskarta ta mai sauraro ce. Amma na ga kamar roƙo ne, ni kuma na riga na hau dokin zuciya. Mutanen bayana suna tsaki, wani yana cewa da Turancin kasuwa in matsa ko in koma gida. Saurayin ya miƙo hannu ya ce, "Baba, in ba abin da kake ɓoyewa, ba ni in duba."

Na fizge kyamarar daga gabansa. Na ce, "Ka duba me? Ka san inda ake taɓawa? Ka ga wannan ƙullin na sama? In ka ja shi haka, ka gama da ni."

Na ja shi ina nuna masa. Don fushi, na ja fiye da yadda na yi niyya.

Murfin baya ya buɗe. Ga fim ɗin nan a naɗe, ruwan toka, fitilun wurin suna zuba a kansa. Na maida murfin da sauri har ya datse mini fatar yatsa. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba, amma ni mai hoto ne, na san abin da ƙiftawar ido biyu take yi wa fim. Na ce innalillahi a cikina.

Saurayin ya riga ya leƙa. Ya ce, "Ba komai a ciki. Wuce."

Matar ta dube ni, ta dubi kyamarar, ta ce, "Malam, lafiya?" Na kwashe kayana na sa takalmi a tsaye na bi sahu.

Ban san yadda Minna ko wani gari yake daga sama ba, don ban leƙa taga ba. Bikin ma na ɗauke shi ne kamar inji, ina cewa mutane su yi murmushi. Washegari na nemi shagon dattijon, wani ɗan lungu a bene mai warin magani. Na faɗa masa duk abin da ya faru, ban rage komai ba, shi kaɗai na taɓa faɗa wa. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce irin wannan fim ɗin, in ya bi waccan na'urar sau ɗaya, da wuya ka ga ko alama. Ya shiga ɗakin duhunsa ya ja ƙofa.

Da ya fito ya ɗaga fim ɗin a haske ya nuna mini. Abin da aka fara ɗauka shi ke can ciki a naɗi, wanda aka ɗauka daga ƙarshe shi ke waje, shi ya kare sauran. Kwalekwalen Tagwai ya fito tas. Masunta sun fito, har ana ƙirga idon koma. Akuyar mutane ta fito da gemunta. Kujerar Baba a kan tabarma ta fito, gefe ɗaya ya ɗan ƙone. Daga nan sai baƙi ƙirin har ƙarshe, tsawon hoto uku.

Na roƙe shi ya gwada ko da inuwa za ta fito. Ya gwada don ya sallame ni. Takarda ta fito fara fat.

Sitan kuwa ya dawo Minna lafiya, ko ƙwarzane babu.

Ƙanwata tana tsakar gida lokacin da na shigo, ta tashi tana goge hannu da zane. Na miƙa mata ambulan. Ta wuce kwalekwale, ta wuce akuya, ta tsaya a kujera, ta juya bayan takardar, ta leƙa cikin ambulan ɗin.

"Yaya, ina Inna?"

Na ce, "Masu binciken filin jirgi suka buɗe kyamarar. Haske ya cinye."

Haka maganar ta fito, ban shirya ta ba, kuma ban janye ta ba. Ta zauna a bakin rijiya ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwa. Daga baya ta roƙe ni in faɗaɗa mata hoton kujerar. Na yi, na sa a gilashi, tana rataye da shi a falonta. Duk baƙon da ya tambaya, sai ta ce a nan Inna ta zauna ta yi dariya, ta ba shi labarin azzaluman da suka buɗe kyamarar yayanta.

Na tsani hoton nan. Ya fito da kyau, haske daidai, nisa daidai, ko Baba ba zai kushe shi ba. In na je gidanta nakan zauna in ba shi baya. Ita kuwa ba ta gajiya. Ko makon jiya, tana zuba mini abinci ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Wanda ya buɗe kyamarar nan, Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yafe ba har gaban Allah."

Ta juyo tana jira in ce amin, kamar kullum. Na ce amin.