Faifan da Ya Maƙale a Tasin Baba Sali

Birik, kafin asuba

Ladanin layinmu bai yi kiran farko ba na riga na isa ƙofar gidan su Usumanu mai soya, wato tsire, ina buga ƙyaure. Ya fito yana hamma, ya ce, "Bello, da ɗinkin mutane kake yi wa irin wannan sammako, da ba a zage ka ranar jajibiri." Na ce ya ɗauko takalminsa ya bar ni da masu ɗinkina. Muka jira aka yi sallah, muka tari tasi zuwa tashar Tongolo.

Ga wanda ba ɗan Briqueterie ba, unguwar da muke ce wa Birik, bari in faɗi abin da ya fitar da tela da mahauci daga gida. Baba Sali mutumin Garwa ne, ya tsufa yana tuƙa tasi a Yawunde. Motarsa tsohuwa ce da aka kawo daga Japan aka juya mata sitiyari. Rediyonta ba ya kama tashoshinmu, kuma tun daga can ta zo da faifan CD a ciki wanda ya ƙi fita ko ta halin ƙaƙa. Duk la'asar Baba kan ajiye ta tsakanin shagona da tukubar Usumanu, ya buɗe ƙofofi, ya kunna. Ba mu san sunan mawaƙi ko ɗaya ba, sai lamba. Haka layi ya rabu biyu. Mu 'yan Lamba Bakwai ne, wata mace mai murya siririya wadda in ta ja baiti sai ka ji ka tuna wani da ka daɗe ba ka gani ba. Su Usumanu 'yan Lamba Uku ne, wani namiji mai ihu kamar an taka masa ƙafa a kasuwa. Ko kalma ɗaya ba ma ji, amma mun sha yin kwana biyu ba ma gaisawa a kansu.

Bara idon Baba ya yi rauni, ya ajiye tuƙi. Ɗansa ya sayar da motar ga wani mai jigilar tumatir a Fumbot, kuma ba wanda ya tuna da faifan sai da ta bar gari. Babu wanda ya taɓa ɗaukar waƙoƙin a waya, don abin da ke ƙofarka kullum ba ka tunanin adana shi. Usumanu ya gwada rera wa waya Lamba Uku ko za ta gano ta, ta kawo masa waƙar coci. Tun daga nan Baba ya daina fitowa. Matarsa Dada ta ce abinci ma sai ya taɓa ya ture. Da na je duba shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Bello, ba motar ba ce. Mutanen cikinta ne suka tafi ba sallama." Maganar nan ta tsaya mini a rai, ita ta sa muka kama hanya.

Yawunde zuwa Makenene

Mun biya sefa dubu shida kowa, aka ce mota za ta tashi ƙarfe shida. Ta tashi bakwai da rabi, bayan an ɗora mata buhuna har ta yi tozo. Muka wuce Obala rana na ɗagowa, muka haye kogin Sanaga a Ebebda, ruwa ya cika ya yi ja. A shingen jandarmomi kafin Bafiya aka sauke mu duka, kowa da katinsa a hannu. Jandarman ya duba nawa ya ce, "Tailleur? Me za ka je yi a Fumbot?"

Na ce, "Chef, waƙa za mu je ɗaukowa."

Ya dube ni, ya dubi Usumanu, ya miƙo mini katin ba tare da ya ƙara tambaya ba. Ina jin ya yanke cewa masu irin wannan amsa ba su da abin da za a karɓa a hannunsu.

A Makenene kowace mota ke tsayawa cin abinci. Hayaƙi ko'ina, mata na gasa agada da 'ya'yan itacen safu, wasu na ɗaga naman daji suna kiran fasinja. Mu dai muka nemi ɗan'uwa mai tukuba. Usumanu ya ɗanɗana soyar mutumin, ya tauna a hankali kamar alƙali, ya ce, "Yajin nan ya ji labarin ƙuli-ƙuli, amma ba su haɗu ba." Duk da haka tsinke biyar ya ci.

Bafusam zuwa Fumbot

Daga Bangante hanya ta fara hawa, iska ta yi sanyi, gonaki kore shar a jikin tuddai. Mun shiga Bafusam bayan azahar, kusan kilomita ɗari uku daga gida, aka sauke rabin fasinjoji, muka miƙa gabas. La'asar ta yi mana a Fumbot. Kawun Usumanu, Alhaji Garba mai fataucin shanu, shi ya sauke mu. Aka kawo tuwon masara da miyar ganyen da Bamun, mutanen yankin, ke ce wa njapce, mai ɗan ɗaci da daɗi. Da muka gaya masa abin da ya kawo mu, ya ajiye lomarsa ya ce, "Yanzu ku da gemunku, tun daga Yawunde, saboda garmaho?" Amma ya san motar. Ya ce duk garin an san ta, wai ana ce mata mai waƙar Sinawa, kuma da safe za mu same ta a kasuwar tumatir.

Kasuwar tumatir

Kafin mu gan ta muka ji ta. Muna ratsa kwanduna sai ga sautin da na yi wata takwas ban ji ba yana fitowa ta bayan wata babbar mota. Na tsaya cak. Usumanu ya kama kafaɗata, idonsa ya kawo ruwa, ko da yake daga baya ya ce hayaƙin mota ne.

Ga ta nan, an cire kujerar baya, an cika ta da kwanduna har rufi, fentin ya koɗe. Sabon mai ita sunansa Aruna, Bamun ne, gajere mai faɗin ƙirji, yana jin Hausar kasuwa. Muka gaisa, muka ba shi labarin Baba Sali, muka ce za mu sayi rediyon gaba ɗaya mu sa masa sabo mai kama tashoshi.

Ya girgiza kai. "Jamais. Ku sayi taya, ku sayi ƙofa. Wannan, a'a."

Na ce, "Haba mon frère, kai da ba ka ma san abin da suke faɗa ba."

Ya ce, "Kai ka sani?" Ya miƙa hannu ya danna, ya ce, "Numéro cinq. Ita ke hau da ni tudun Kutaba da kaya. In babu ita mota ba ta ja."

Lamba Biyar! Wadda mu a Birik ko kallo ba ta ishe mu ba. Yana kunna ta wasu mata uku masu ɗaure kwanduna suka kama amshi da Japanancinsu na Fumbot, suna rausaya. Nan na gane mun zo ƙwace abin da ya riga ya yi dangi a wani gari. Raina ya ɓaci, don na hango kaina ina komawa wurin Baba hannu rabbana.

Usumanu ne ya ceci tafiyar, in faɗi gaskiya ko ba na so. Ya ce ai ba rediyon muke nema ba, abin cikinsa ne. A je wurin mai gyara a buɗe, a kwafa, kowa ya samu. Aruna ya ce wani ya taɓa gwadawa da cokali mai yatsu, saura kaɗan ya kashe masa rediyo. In aka buɗe faifan ya fashe fa? Usumanu ya ce, "In ya fashe, mu uku muka yi asara, har da tsohon da ke kwance. Kana ganin za mu yi wasa da shi?" Daga ƙarshe Aruna ya ce akwai mutum ɗaya a Fumban da ya yarda da hannunsa, kuma dama can zai kai kayan.

Fumban

Mu uku a gaba, ni a tsakiya giya na bugun gwiwata, tumatir na leƙo mu ta baya. Kilomita arba'in da 'yan kai, muka yi su muna faɗa. Na danna Bakwai, Usumanu ya mayar Uku, Aruna ya buge hannunmu ya sa Biyar. A tudun Kutaba motar ta yi nishi ta haye, Aruna ya dube mu ya ce, "Voilà."

Mai gyaran yana wata rumfa a bayan kasuwa, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Ya zare rediyon, ya ɗora a tebur, ya kwance shi ƙusa bayan ƙusa yana jera su a murfin kwalba. Mu uku mun tsaya a kansa muna kallo. Ya sa ɗan hantsaki ya ɗaga wani ƙarfe, wani abu ya yi ƙas, Aruna ya dafe kai ya ce, "Ya Allah!" Ashe wata roba ce da ta bushe ta karye. Sai ga faifan ya zamo a tafin hannun dattijon, fari fes, ko rubutu babu a jikinsa. Na yi kabbara da ƙarfi har mai sayar da lemo na gefe ya leƙo.

Ya sa shi a kwamfuta, waƙa goma sha biyu suka fito cif. Ya kwafa mana a katin waya, ya buga wa Aruna sabon faifai, ya canza robar. Sannan ya kunna kowace waƙa ya kara wayarsa a lasifika, wayar na kawo sunayen yana rubuta su a kan kowace. Sunayen ba zan iya maimaita su ba, harshena bai kai ba. Amma ya nuna mana wani abu da yatsa. Mawaƙan daban-daban ne, sai dai a ƙarƙashin kowane akwai suna ɗaya da ke ta dawowa. Ya ce, "Le compositeur. Shi ya tsara kiɗan duka, su rerawa kawai suka yi."

Na dubi Usumanu, ya dube ni. Shekara da shekaru muna rigima a kan riguna biyu, ashe tela ɗaya ne ya yanka ya ɗinka. Usumanu ya share murya ya ce, "To, amma nawa ya fi iya sa rigar." Na yi dariya, ranar ba ta faɗa ba ce.

Aruna ya ɗauki tsohon faifan ya juya shi, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Ka kai wa papa. Ka ce masa motarsa tana cin abinci lafiya." Ya ƙara mana da kwandon tumatir, ya ƙi karɓar ko sisi. Muka kwana a masaukin baƙi kusa da tasha, da asuba muka hau motar Yawunde.

Komawa Birik

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai dai na riƙe faifan a aljihun ƙirji, duk ramin da mota ta faɗa sai na dafa shi. Mun sauka Tongolo da la'asar, muka wuce ta Elig-Edzoa, ko gida ba mu biya ba muka yi gidan Baba. Labari ya riga mu, yaran shagona da 'yan tukuba sun cika zaure, wani ya kawo lasifika.

Baba na zaune a bakin gado, ya rame. Na durƙusa na ce, "Baba, mun dawo da mutanenka." Na sa masa faifan a hannu. Ya shafa shi, ya zagaya gefensa da yatsa. Duk shekarun nan yana tare da shi bai taɓa ganinsa ba, yanzu kuma ga shi a hannu babu idon gani. Ya ce, "Wane launi ne?" Na ce fari ne, mai ƙyalli. Ya gyaɗa kai.

Muka ba shi labarin Aruna da na mutum ɗayan da ya tsara kiɗan duka. Sai rigima ta tashi a kan wadda za a fara sawa, 'yan Uku na ihu, 'yan Bakwai na ihu. Dada ce ta daka mana tsawa daga bakin ƙofa. Ta ce, "Kai, ku ji marasa kunya! Shi mai abin kun tambaye shi?"

Kunya ta kama ni. Tun da muke, ba wanda ya taɓa tambayar Baba tasa. Na ce, "Baba, wacce za a sa?"

Ya ce, "Sha ɗaya."

Muka dubi juna. Ba mu taɓa barin faifan ya wuce takwas ba, kullum wani ya mayar da shi baya. Na danna. Piyano ne kaɗai, a hankali, yana tafiya yana dawowa. Muka jira murya, ba ta zo ba. Na duba wayar, babu sunan mawaƙi a kanta, sunan mai tsara kiɗan ne shi kaɗai. Baba ya rufe ido, hannunsa na dama ya tashi yana neman giya a iska. Ya ce ita yake sawa in ya sauke fasinjan ƙarshe zai koma gida.

Usumanu ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, ina mai waƙar?"

Baba ya yi murmushin da muka daɗe ba mu gani ba. Ya ce, "Wannan babu fasinja a ciki, ɗana. Direban ne kaɗai." Da ta ƙare ya ce a sake. A karo na uku ya ɗaga murya ya ce, "Dada, tumatir ɗin nan da suka kawo, a yi miya da shi. Yunwa nake ji." Dada ta juya da sauri tana goge ido da bakin mayafi, zaure kuwa ya kaure da tafi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Mun gode wa Alhaji Garba da tuwonsa, da dattijon Fumban da hannunsa bai yi rawa ba, da Aruna, wanda muka yafe masa Lamba Biyar. Baba ya ce a gaya musu duka useko, wato godiya da Fillanci, kuma ya ce gobe a zo da wuri a kama masa hannu, zai fito layi.