Injin Sussukar da Aka Sayar a Kilo

Ina kan iyakar Jibiya ranar kasuwa, sai ga tirela maƙare da tsofaffin ƙarafa za ta tsallaka Maraɗi. Can sama na hango injin sussukar gero mai koren fenti da karkatacciyar walda. Ni na yi waldar nan ina ɗalibi a makarantar koyon injiniya.

Malaminmu na zanen injuna, Allah ya jiƙansa, ba ya duba zanenka sai ya fara duba hannunka. In bai ga baƙin mai a farce ba, sai ya ce, "Takarda ba ta sussuka, yaro. Koma wakshof."

Shi ya kai mu Daddara gwajin injin nan a gonar wani dattijo. Bel ya tsinke, ƙaiƙayi ya cika mana wuya, muna ta susa. Na ce a lissafina bai kamata ya tsinke ba. Malam ya tuɓe babbar riga, ya kwanta ƙarƙashin injin, ya ce, "To, zo ka faɗa wa bel ɗin." Kafin la'asar tsaba tana zuba a buhu.

Na tambayi direban tirelar inda ya samo shi. Ya ce, "Makarantar ce ta share wakshof, Alhaji, za a yi ofis. A kilo munka saya."

Waɗanda suka tsaya a jana'izar Malam suna kiransa uba, su suka sa hannu aka sayar. Yanzu yaro zai fito injiniya bai taɓa riƙe sifana ba, kuma ko kunya ba sa ji.

Allah ya haskaka kabarinka, Malam. Su kuma, Allah ya auna su a sikelin da suka auna aikinka.